Ciwon da Ba Ya Faɗuwa a Gaban Suruki

Tun da na dawo daga Dahome ba a bar ni na huta ba. Wadda ta zo sayen mai sai ta nemi kujera, wadda ta zo ɗiban wuta sai ta jingina da ƙofa har garwashin ya mutu a hannunta. Wai yaya ƙasar take, wai da gaske ne doya suke dakawa su ci a maimakon tuwo, wai me aka yi mini na miƙe. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura labarin yana fita daga gidana da ƙafa biyu ya dawo da huɗu. Don haka na zaunar da matar malamin lakwal, wato makarantar boko, da ke haya a gidanmu, na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. Mai son ji ta sa a karanta mata.

Waɗanda suka san ni a Dogondutsi sun san da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli na riƙe kaina tun rasuwar mai gidana. Da damina santsi ya kwashe ni a bakin rijiya, tulu a kai, na zauna daɓas a kan gefen hagu. Tulun bai fashe ba, ni ce na fashe. Ciwon wuri ɗaya ya kama, ƙasa da ƙugu, can saman mazauni, faɗinsa bai wuce babban yatsa ba. Daga nan yake gangarowa ta bayan cinya, ya tsaya kafin gwiwa. In ina tafe a hankali da sauƙi. Amma tashi daga tabarma, da juyi a kan gado, da ɗaga ƙafa ɗaya in tsallake dokin ƙofa, sai in ji kamar an soka mini tsinken tsire. Zaman tahiya ya gagare ni. Murza tunkuza a turmi kuwa ba a maganarsa. Wanzami ya yi ƙaho, an yi mini rubutu, an gasa da tsumma mai zafi, maƙwabta suka ce jifa ne. Na dubi masu faɗin haka da kyau, don wanda ya fi kowa saurin cewa jifa ne shi nake fara tuhuma.

'Yata ta fari, wadda ba za a ji sunanta a bakina ba, tana aure a Paraku, can ƙasar Dahome. Mijinta dillalin shanu ne, yana da rumfar nama kuma, danginsu sun daɗe a can. Shi ne ya aiko direban wata mota ya ce in zo a yi mini magani. A satin ne kuma ɗan wan mai gidana ya shigo gaishe ni, bakinsa yana yi mini sannu, idonsa yana auna rufin ɗakina kamar mai neman inda zai kafa gado. Na haɗa wannan da wancan. Na ce a raina, to, an shirya a kwashe tsohuwa a ajiye ta a kusurwa tana korar kaji, ɗaki kuma ya sami mai shi. Na tafi, don ciwon ya fi ƙarfina, amma na faɗa a gaban kowa cewa kafin a gama cirar gyaɗa ina nan.

Daga Dosso kamyon gyaɗa muka hau, irin manyan motocin nan masu kai buhuna Paraku inda jirgin ƙasa yake kwashe su zuwa bakin teku. A kan buhuna aka ɗora ni kamar kaya. Na naɗa tsofaffin zannuwa na zauna a kai, na karkace gefen dama, kowane rami muka faɗa sai na ambaci sunan Allah. Kusa da ni wata Bazabarma ce da zakara a cinya, duk hanya zakaran nan ido ɗaya yake kallona da shi. Ta miƙo mini dabino, na karɓa na ƙulle a bakin zane. Ban san ta ba.

A Gaya muka haye gada, sai ga sanda an gitta a hanya. Lokacin da mai gidana yake fatauci da jakuna har Gwanja ban taɓa jin ya ce an tambaye shi takarda ba, amma tun da Turawa suka tafi kowace ƙasa ta yi tutarta da sandarta. 'Yan duwan masu binciken kaya suka ce kowa ya sauko. Kowa ya sauko ban da ni. Wani jandarma siriri ya hawo yana ta yi mini faransanci, yana nuna ƙarƙashina da sanda. Direba ya ce wai ya ce tsohuwar da ta ƙi tashi lalle akwai abin da ta danne. Na ce a gaya masa akwai, ya zo ya ɗaga ni ya gani. Mata biyu suka kama ni suka ɗaga, hawaye yana zubo mini, ya zazzage zannuwan nan bai ga komai ba sai tsufa. Don kada ya sauka da kunya ya kwance ƙullin daddawar da na kawo wa 'yata, ya kai hanci. Bai ƙara tambayar komai ba.

A Kandi muka kwana, a zango. Da la'asar wani mai magani ya shimfiɗa buhu a ƙofar masauki, garin maganinsa ɗaya ne amma yana maganin basur da farfaɗiya da rashin ciniki. Yana ganin tafiyata ya ce ya san ciwona tun daga nesa. Na ce ya faɗa. Ya ce sanyin ƙashi. Na ce da ni da duk wanda ya haura shekara hamsin a wurin nan, ya tafi ya nemi wani.

Paraku gari ne na hayaniya. Jirgin ƙasan da ake faɗa na gan shi, ƙarfe ne mai kuka, ban ga abin so a jikinsa ba. Gidan surukina yana Albarika, sunan unguwa kamar na gida, amma Hausar da ake yi a ciki sai ka kasa kunne: a fara da Hausa, a tsoma Dendanci, a rufe da faransanci, duk a numfashi ɗaya. Bargawa, 'yan asalin garin, in za su gaisa sai su rusuna har ƙasa suna amsa wa juna da gunaguni, ba mai son ya riga wani miƙewa. Wannan na yaba. Abin da ban yaba ba shi ne abinci. Doya ake dakawa ta yi danƙo, kana haɗiya tana jan maƙogwaro. Akwai kuma wani cukun Fulani da suke kira wagashi, bayansa ja. Na ce an rina shi ne don a ɓoye ruɓa. 'Yata ta ce ganyen karan dawa ne. Na sa ta ci a gabana tukuna.

Surukina kuwa ba ni da abin da zan kama shi da shi a fili, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Bai taɓa shigowa ɗakin da nake ba. Daga bakin ƙofa yake tsugunawa, ya cire takalmi, kansa a ƙasa, ya gaishe ni, ni kuma in amsa ina duban bango, yadda aka san ana yi. Washegarin zuwana bayan gaisuwa bai tashi ba.

Ya ce, "Inna, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ranar da kuka tashi daga tabarma ba hannun kowa, ba sanda, ni da kaina zan sa ku a motar gida. In hakan bai samu ba, ɗakin nan naku ne."

Ga abin da na zata ya fito da bakin mai shi, an shafa masa zuma.

Ya kai ni asibiti. Lokotoron, wato likitan, yaro ne daga kudu, mai tabarau, mai ladabi, amma ba ya jin ko sannu da Hausa. 'Yata cikinta ya tsufa ba ta fita, kuma ita ma ba ta jin faransanci. Saboda haka surukina ne tafinta. Ya tsaya ya ba ni baya yana fuskantar taga. Lokotoro ya yi tambaya, shi kuma ya ce, wai ina ne yake yi muku ciwo. Ku mata da kuke jin wannan, ku gaya mini. Ni in buɗe baki a gaban mijin 'yata in ambaci wurin nan? Ko in kai hannu in nuna? Na ce ƙafa. Ba ƙarya na yi ba, ciwon yana sauka cinya. Lokotoro ya duba gwiwa, ya ƙwanƙwasa ta da 'yar guduma, ya lanƙwasa, ya miƙe. Aka ba ni man shafawa da allura. Gwiwar da ba ta taɓa yi mini laifi ba ta sha magani har ta yi sheƙi.

Da muka koma na ɗan matsa sama, na ce baya. Lokotoro ya ce in hau gado in kwanta ya duba. Na ce a gaya masa ungozoma kaɗai ta taɓa ganina a kwance, ita ma ta rasu. Ya ɗaga hannuwa, ya rubuta ƙwayoyi. 'Yata ta ce ko a roƙi wata maƙwabciyarsu mai jin faransanci ta raka ni. Na bincika na gano 'yar'uwar matar tana kai kaya Dosso. Wato kafin in dawo gida a ce an san kalar zanen da nake kwana da shi. Na ce a'a. Ita 'yar tawa ma ban faɗa mata wurin ba. 'Yar fari ce, ba ma irin wannan hira.

Haka na zauna ina shan ƙwayoyi, ciwo yana inda yake. Kullum da safe jikokina su kama hannuna su ɗaga ni, uban yana tsugune a ƙofa yana jin nishina. Ana nan ya tafi kasuwannin shanu na yamma, ya yi kwanaki. Da ya dawo ya ce akwai masu magani a Jugu, gobe za mu tafi. Ban da haka bai ƙara kalma ba. Na ga 'yata tana haɗa mini kaya, ba zane ɗaya ko biyu ba, duka, har da tasbahata ta ajiya. Na tambaye ta wa ke Jugu. Ta ce gwaggon mijinta, tana da babban gida, tsofaffin dangi da yawa a wurinta suke. Na ce to. Ashe kusurwar da za a ajiye ni ma ba a gidansu take ba.

Muka fita ta Turu da hantsi. Gonakin doya dama da hagu, tulin ƙasa a jere kamar kaburbura, ban ji daɗin ganinsu ba. Surukina ya sama mini wuri a gaba kusa da direba, shi ya haye can bisa kaya cikin rana. Na ce a raina ko kallona ba ya son yi. A wani ƙauye da muka tsaya ya sayi gasasshiyar masara, ya ba wata Bafulatana ta miƙo mini. Yunwa nake ji, amma motar da surukina yake ciki ba zan tauna abu a cikinta ba, ko da yana sama. Bafulatanar ta ga na riƙe masara har ta huce, ta ce in ba na so in ba ta. Na ba ta, na kuma lura da ita har muka isa. Ba abin da ya same ta.

Jugu shi ne Zugun da mai gidana yake yawan faɗa, zangon fataken goro. Tsohon gari ne, lunguna matsattsu, ko'ina ka juya ƙarar masaƙa. Mutanensa suna sallah sosai, wannan ba zan hana su ba. Gwaggon, sunanta Asibi, gajeriya ce mai faɗi, goro da taba ba sa barin bakinta, tana dariya kafin ta gama magana. Ban yarda da mai yawan dariya ba. Ta kai ni wani ɗaki mai randa da sabuwar tabarma, ta ce ɗakina ne. Na ga tsofaffi biyu a tsakar gida suna ɓarar gujiya, ba mai cewa uffan. Na dube su, na ga kaina.

Da safe surukina ya raka mu, ni da Asibi, zuwa wani ƙaramin asibiti a bayan kasuwa. Muna isa ƙofa ya tsuguna ya ce zai leƙa kara ya ga shanu. Ya tafi. Bai dawo da azahar ba, bai dawo da magariba ba. Washegari aka ce ya koma Paraku. Ko sallama.

Wadda ta karɓe mu ungozomar asibitin ce, Madam Salamatu, doguwar mace, 'yar zangon garin, an ce a Dakar ta yi karatu. Hausarta tana da ƙanshin Dendanci amma ana ganewa. Ta kori wani mai shara, ta rufe ƙofa, ta saya taga.

Ta ce, "Inna, ba namiji a nan. Nuna mini da yatsa ɗaya. Ba tafin hannu ba, yatsa."

Na dubi Asibi, ta juya tana neman wurin tofar da goro. Na kai yatsa na ɗora. Sai Madam ta shiga tambayata haihuwa nawa na yi, yaya na faɗi, wane aiki nake yi, ko ina zazzaɓi, ko na rame, ko ƙafar tana mutuwa, ko fitsari yana kufce mini. Can tsakiyar hira ta ce in sake nunawa. Ta zaci ban gane gwada ni take yi ba. Na mayar da yatsa inda yake, ko ƙwayar gero bai goce ba.

Sannan ta kwantar da ni rigingine. Ta ɗaga ƙafar a miƙe, ta ce ko wani abu ya harba har tafin ƙafa. Na ce a'a. Ta ɗora idon sawuna na hagu a kan gwiwar dama, ta danna gwiwar hagu ƙasa. Na ce wayyo. Ta dafa ƙasusuwan ƙuguna biyu ta gaba ta danna, ciwon ya amsa daga baya. Ta juya ni a gefe ta hau da nauyinta a kan ƙugu, ya amsa. Ta jawo ni bakin gado, ƙafa ɗaya tana lilo, ɗaya na rungume a ƙirji, ya amsa. Duk inda ta taɓa, wuri ɗaya ne yake kuka. Na ce mata ko biyanta aka yi ta ƙarasa ni. Ta ce da ƙarasawa ce da ba ta sha wannan wahala ba.

Ta yi mini bayani da hannuwanta. Wai ƙashin baya in ya gangaro yana ƙarewa da wani ƙashi mai faɗi, shi kuma yana zaune tsakanin manyan ƙasusuwan ƙugu biyu kamar turmi da aka kafa tsakanin duwatsu. Inda suka haɗu gaɓa ce, dama da hagu, amma motsinta kaɗan ne, jijiyoyi ne suka ɗaure ta tam. Haihuwa tana sassauta ɗaurin, faɗuwar da na yi ta girgiza ta hagun, ni kuma na ci gaba da murza turmi a karkace. Ba gwiwa ba ce, ba tsakiyar baya ba ce. Na ce jifa fa? Ta ce wannan ba a koya mata ba, amma ta ga mata da yawa da irin ciwon nan waɗanda ba su da maƙiyi ko ɗaya. Na ce ba ta bincika da kyau ba ne.

Ta ce saura abu ɗaya kafin ta tabbata, kuma sai lokotoro, wani tsohon Bature da ke zuwa ranar kasuwa. Na ce ba namijin da zai gan ni. Ta kawo babban farin ƙyalle da aka huda a tsakiya, hudar ba ta kai tafin hannu ba. Ta lulluɓe ni tun daga kai har sawu. Baturen bai ga komai nawa ba sai wannan ɗan wuri, ni ma ban ga komai nasa ba sai takalma. Ya yi allura a daidai inda yatsana ya nuna. Kafin a jima Madam ta ce in sauko. Na sauko. Na tsaya da ƙafa ɗaya, na tsallake ƙofa, na zaga tsakar asibiti, ba ciwo ko na ƙwabo. Asibi ta fara guɗa na ce ta rufe mini baki, abin da ya tafi da sauri haka bai yi nisa ba. Ai kuwa kafin la'asar ya dawo da kayansa.

Na koma na ce an yaudare ni. Madam ta ce allurar nan tambaya ce, ba magani ba: an kashe wurin na ɗan lokaci, ciwo ya ɗauke, yanzu an san ba a wani wuri yake ba. Maganin kuwa a hannuna yake. Ta aika wurin masaƙa aka kawo saƙi mai kauri, baduku ya sa masa maɗauri. Ba a ciki ake ɗaura shi ba inda muke ɗaura zane, can ƙasa ne a kan ƙasusuwan, a ja shi ya matse. Ina ɗaurawa na ji kamar an tattara ni wuri ɗaya. Ta hana ni zama a kan ƙafa ɗaya, ta hana ni saɓa komai a gefen ƙugu, ko jika. Kwanciya da matashi tsakanin gwiwoyi. Gashi da ruwan zafi safe da yamma. Sai wasu motsi na rashin mutunci: in kwanta in ɗaga mazaunai sama in sauke, in sa abu tsakanin gwiwoyi in matse. Ta kuma koya mini tashi: in mirgina gefe, gwiwoyi a haɗe, in durƙusa, in kafa ƙafar dama, sannan in miƙe. Tsohuwa da ni ana koya mini tashi kamar 'yar yaye.

Na yi, don ba ni da wata hanyar komawa gida. Ina rufe ƙofa in yi. Ƙoƙon Asibi na shan fura na samu ina matsewa, wata safiya ya tsage tsakanin gwiwoyina. Ta ce ƙoƙon tun na uwarta ne. Madam da ta ji ta ce alama ce mai kyau.

Sati ya bi sati, wata ya kama ya mutu. Ciwon yana ja da baya kaɗan-kaɗan, wata rana ya dawo don ya nuna mini yana nan. Daga Paraku saƙo ɗaya ya zo, cewa 'yata ta sauka lafiya, namiji. Ba a ce in zo suna ba. Asibi kuwa ta fara ba ni gujiya in ɓare tare da tsofaffin nan. Ranar da ta ce za ta sa a yi wa ɗakina sabon daɓe kafin daminar baɗi, na ajiye ƙwarya.

Na ce, "Asibi, mu biyu ne, kuma mun girma. Yaushe aka ƙulla a ajiye ni a gidan nan?"

Ta yi dariya har taba ta sarƙe ta. Da ta sami numfashi ta ce ashe abin da ke cina ke nan, shi ya sa nake sansana tuwonta. Sai ta ba ni labari. Wai zuwan da ɗan ɗan'uwanta ya yi kasuwannin yamma, nan ya sauka. Ya ce ta raka shi wurin Madam. Suka je ya tsuguna, ya ce surukarsa ba ta da lafiya. Madam ta ce ina ne. Mutumin nan da yake tsayawa tsakanin Bafulatani da mahauci ya yi ta zuba har su daidaita, ya kasa. Gumi ya jiƙa masa hula. A ƙarshe ya roƙi Madam ta biyo shi waje, ya kai ta inda ya ɗaure wani bijimi, ya ɗora babban yatsa a gefen gindin wutsiya, ta hagu. Ya ce nan Inna take dafawa duk sa'ad da za ta tashi. Ya ce in yana wurin ba za ta faɗa ba, in ba ya wurin ba tafinta, shi kuma ba zai iya faɗa wa lokotoro a kunnenta ba. Madam ta ce ya kawo ni, ya ɓace, kada a ga ƙeyarsa sai ta aika.

Asibi tana jira ta ga na yi kuka ko na yi godiya. Na ce mata, wato ni aka kwatanta da sa. Duk dabbobin Allah ba a sami tunkiya ba. Sannan na zauna ina juya wani abu da ya fi wannan damuna. Mutumin da tun da ya auri 'yata ban taɓa kama idonsa a kaina ba, kullum kansa a ƙasa, a ina ya ga inda nake dafawa?

Madam ta aika. Ya zo wata safiya da hantsi, rana tana shigowa ta tagar bayana. Ina zaune a tabarma. Ya cire takalmi ya tsuguna a bakin ƙofa, idonsa a kan daɓe, ya gaishe ni, ya ce jariri yana gaisuwa. Na amsa wa bango. Duk mun san abin da ya kawo shi. Asibi ta matso ta miƙo mini hannu, na dube ta har ta janye. Sandata tana jingine a kusurwa, na bar ta a can.

Na mirgina gefe, gwiwoyi a haɗe. Na durƙusa. Na kafa ƙafar dama. Wurin ya ɗan yi magana, na ƙi saurarensa. Na miƙe tsaye, na gyara mayafi.

Kansa yana ƙasa yadda yake. Na ce wa Asibi a gaya wa wanda bai gani ba cewa na tashi.

Ya ce, "Na gani, Inna. Inuwarku ta iso har nan."

Na dubi ƙasa. Ga ta kuwa, ta miƙe daga ƙafafuna har bakin ƙofa inda yake tsugune, kai da kafaɗa da hannuwa, komai a fili.

Ranar kasuwa ya mayar da ni Paraku na ga jariri, daga nan ya sa ni a motar Dosso kamar yadda ya faɗa. Na tarar da ɗakina, na tarar da gyaɗa ba a gama cirewa ba. Yanzu a kan kujera nake murza tunkuza, turmi a gabana sosai, ɗamarar Jugu a ƙuguna. Sauran kwanakin da na yi a gidansa kuwa, duk sa'ad da na ji takunsa sai na fara duba inda rana take kafin in motsa.